Dokin Ƙarfen Mahaifina Da Hanyar Argungu

Wata ranar Asabar cikin watan Nuwamban 2023 na leƙa gidanmu na gado da ke cikin garin Birnin Kebbi bayan sallar La'asar, sai na tarar da wani mai sayen gwangwan ya girke kurarsa a ƙofar zaure, ga sikeli a hannunsa, ɗan ƙanena kuma yana ta fito masa da tarkace daga ɗakin shirgi: tsofaffin tukwane, gadon ƙarfe mai rumfa, fasasshen injin ban-ruwa. Ban ce uffan ba, domin an daɗe ana cewa a share ɗakin nan. Amma da na ga yaron ya turo wani baƙin keke, tayoyinsa a sace, sarƙarsa ta ci tsatsa, ƙura ta rufe shi har ba a ganin fenti, sai na ji gabana ya faɗi. Keken mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Kuɗin da aka tsayar a kansa bayan an ɗora shi a sikeli ba zai sayi mudu uku na shinkafa ba.

Na ba mai gwangwan haƙuri, na janye keken na jingine shi a bango. Yaron ya dube ni da mamaki ya ce, "Baba, mi za ka yi da shi? Wa ka hawan wanga yanzu?"

Tambayar nan tasa ce dalilin wannan rubutu. Domin a daidai lokacin da ya yi ta, wata shida ke nan da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023. Litar da muke saye ƙasa da Naira 200 ta riga ta haura 600, kafin ƙarshen 2024 kuma ta tsallake 1,000. Ni kaina na jingine 'yar motata, kullum ina ciniki da 'yan kabu-kabu a bakin titi ina ƙorafin tsada, amma ko sau ɗaya tunanin keke bai taɓa faɗo mini ba. Ashe ba yaron kaɗai ke ɗauke da wannan tambaya a zuciya ba, ni ma ina ɗauke da ita, kunya ce kawai ta hana ni furtawa.

Da na sa tsumma na share goshin keken, sai ga tambarin nan da duk wanda ya haura shekara hamsin a ƙasar nan ya sani: kan zalɓe da dogon baki. Muna yara mun ɗauka musamman don mutanen fadama aka yi shi, tunda babu tsuntsun da muka saba gani a bakin gulbi kamarsa. Sai da na girma na san cewa tambarin kamfanin Raleigh ne na birnin Nottingham a Ingila, wanda wani Bature mai suna Frank Bowden ya gina a ƙarshen shekarun 1880. Mu dai Rali muke cewa. Kamfanin ya yi suna da tallar da ya baza a ƙasashen Afirka, wadda ke nuna wani mutum a kan keke yana murmushi, zaki na biye da shi bai cim masa ba, kuma kasuwarsa ta yi ƙarfi a nan har ya kafa masana'anta a Bompai da ke Kano. A can Nottingham kuwa an daina ƙera keken tun 2002. Wanda na ƙwato daga hannun mai gwangwan yana cikin 'ya'yan wancan gida da ba za a sake haifar irinsu ba.

Mahaifinmu malamin makaranta ne a zamanin En'e. Bashin keke aka ba shi, ana zare kuɗin daga albashinsa wata-wata har ya gama biya. Mai karatu na yau zai yi dariya in na ce masa a wancan zamani keke ma lasin yake da shi, ana zuwa a biya a karɓo 'yar lamba ta ƙarfe a ɗaura, wanda bai sabunta ba kuwa ya haɗu da ɗan doka ya ga ta kansa. Abin da hukuma ke yi wa lamba ai ta ɗauke shi dukiya ke nan. Haka mutane ma suka ɗauke shi. Malami, ma'aikacin gona, malamin asibiti, ɗan kasuwa mai rufin asiri, kowa da nasa, an naɗe shi da roba mai launi don kada fenti ya goge, an sa masa madubi da ƙararrawa da fitila mai kamawa da gudun taya. Ranar Juma'a mu ake sa wa mu goge shi da man gyaɗa kaɗan a tsumma, kuma kaiton wanda aka kama ya taka feda ba da izini ba. Don haka a wurin mai haya muka koya, da 'yan kwabban da muka tara, muna zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda ba mu kai sirdi ba. Tabon yana nan a gwiwata ta hagu.

Yadda darajar nan ta zube ba a rana ɗaya ba ne. Kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975 ya sauke da yawansu daga keke ya ɗora su a babur. Matsin tattalin arziki na bayan 1986 ya haifar da kabu-kabu, sannan baburan Sin masu araha suka cika gari bayan shekarar 2000. Har sunan ma aka ƙwace masa. Yau in ka ce wa yaro ya samo maka keke a Birnin Kebbi, mai ƙafa uku zai tare maka, wanda ya samo laƙabinsa daga shirin yaƙi da talauci na NAPEP da gwamnatin Obasanjo ta kafa a 2001. Tsohuwar kalmar nan ta basukur kuwa sai a bakin dattawa. A waccan shekarar ce kuma Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya fito yana kiran 'yan Nijeriya su koma hawan keke, ya hau nasa zuwa taron majalisar zartarwa a Abuja, wata motar safa ta ture shi ya faɗa kwata. Ƙasa ta kwashe da dariya, ni ma ina cikin waɗanda suka yi. Babu wanda ya tsaya ya tambayi me ya sa Minista sukutum ba zai iya tuƙa keke lafiya a babban birnin ƙasarsa ba, balle talaka a kan hanyar ƙauyensu.

To, komawa ga nawa keken. Kwana biyu na yi ina neman mai gyara. A da kowace inuwar dalbejiya da ke bakin kasuwa akwai mai faci da kwanon ruwansa da famfonsa. Yanzu duk inda na nufa sai a ce ai wane ya rasu, wane ya koma gyaran babur, wane kuma ido ya hana. Daga ƙarshe aka kwatanta mini wani dattijo a wata 'yar rumfa ta buhu, na tura keken har gabansa. Bai amsa sallamata ba sai da ya gama kewaya shi, ya tsuguna ya shafa kariyar baya, sannan ya ɗago ya ce, "Wanga ai keken Malam na. Ni niɗ ɗaura mai wagga kariya da hannuna. Allah Shi jiƙan Malam." Na ce amin, Baba, na kuma tambaye shi ko zai tashi. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ƙarhe ba shi mutuwa, sai dai a yada shi."

Yini uku na yi ina zuwa rumfar nan bayan tashi daga aiki, kuma na koyi abin da ban koya a aji ba. Ya warware keken gaba ɗaya da sifana biyu da guduma da ɗan ƙarfen bugu. Ya nuna mini cewa gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka zura cikin 'yan kwaroro a kowace mahaɗa, aka narka tagulla ta bi ta riƙe su, shi ya sa ko bututu ɗaya ya lalace ana iya zafafa wurin a zare shi a sa wani. Ƙafar gaba ta ɗan karkace tun wata faɗuwa da ban san da ita ba, ya zura mata dogon bututun ruwa ya danna a hankali, yana rufe ido ɗaya yana aunawa, har ta miƙe. Ya wanke boris da kananzir, ya zubar da waɗanda suka cinye, ya cika da sababbi ya shafe da giris. Tsinkayen ƙarfen ƙafafun ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗaurewa yana kaɗawa da yatsa yana sauraren ƙararsu, kamar mai gyaran molo. Birkin irin na sanda ne, babu igiyar da za ta tsinke, robar kawai aka sauya.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kayan gyaran duk an same su a kasuwa. Dalili kuwa, kekunan Phoenix na Shanghai da Hero da Avon na Ludhiana a Indiya, waɗanda suka gaji kasuwar Rali a ƙauyukanmu, a kan zubin nan na Ingila aka ƙera su, ƙafa mai inci 28, birkin sanda, sarƙa ɗaya babu giya. Tayar da aka yi bara a Indiya ta zauna daram a keken da aka ƙera a Ingila kafin a haife ni. A gaya mini wace na'ura ce kuma a gidajenmu za ta yi wannan? Wayar da ke aljihuna shekararta uku, an riga an ce mini ba a samun batirinta.

Na tambayi dattijon yaransa nawa suka koyi sana'ar. Ya ce ya yaye mutum fiye da goma, babu ko ɗaya da ke kanta yau. Na ƙarshen da aka kawo masa wata biyu ya yi ya gudu, wai abokansa na yi masa dariya. Wannan magana ta fi tsatsar keken damuna. Ƙarfen zai jira shekara talatin a ɗakin shirgi, amma hannun da ya san yadda ake miƙe ƙafar keke da ido ɗaya, in ya kwanta dama ya tafi ke nan da abin da ya sani.

A rumfar nan ne kuma na gano cewa akwai wasu masoya keke da ban san da su ba. Samari ne, galibinsu ɗalibai, masu hawan kekunan gwanjo da ake ce wa Beljiyam, waɗanda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano su biyo hanya har su iso mana, tunda jihar nan ta yi iyaka da Benin da Nijar. Yawancinsu irin masu ƙatuwar taya ne da tarin giya, jikinsu na alminiyam. Suna da kyau da rashin nauyi, sai dai dattijon ba ya ƙaunarsu, domin in suka tsage mai walda na unguwa ba shi da abin liƙe su, in giyarsu ta lalace kuma sai an yi sa'ar samun gawar wani irinsa. Amma jefi-jefi a cikin tarin akan tsinci keken tsere na ƙarfe, siriri, mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago. Wani yaro ya kawo irinsa a gyara masa, ƙirar Peugeot, ya saye shi da araha saboda mai shagon na ganin tsohon yayi ne. A jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi na ga wata 'yar takarda da ta kusa gogewa, mai lamba 531. Wannan lamba ta kamfanin Reynolds ce na Birmingham, wanda ya fito da irin wannan bututu a 1935, mai kauri a bakinsa biyu inda ake haɗi, siriri a tsakiya don rage nauyi. A kan irinsa aka ci manyan gasannin Turai shekaru da dama. Na ɗaga keken da hannu ɗaya, sai na ji kamar rabin nauyin na mahaifina.

Na gaya wa yaron cewa a ƙasar Italiya akwai wani taro da ake kira L'Eroica, da aka fara a 1997 a garin Gaiole na yankin Chianti, inda dubban mutane ke haɗuwa duk shekara su yi tafiya a kan hanyoyin burji, kuma sharaɗin shiga shi ne kekenka ya kasance irin na 1987 ko kafin nan. Abin da yake hawa zuwa makaranta yana jin kunya, can mutane ne ke neman sa ido rufe. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni nawa za su saya. Ban ga laifinsa ba.

Da aka gama gyara sai na ɗaura niyyar abin da iyalina suka kira rigima. Mahaifinmu ya sha ba mu labarin yadda yake hawan keken nan daga Birnin Kebbi zuwa Argungu kallon su, ya kwana wurin abokinsa ya juyo. Tafiyar kimanin kilomita 50 ce. Na ce sai na gwada. Na yi makonni ina zagaya gari da asuba don ƙafafuna su tuna, sannan wata safiya cikin Janairun 2024 na fita bayan sallah, da gorar ruwa da famfo da kayan faci a kariya.

Kuskurena na farko shi ne na manta cewa Argungu tana arewa maso gabas da mu, ta inda iskar hunturu ke busowa. Tun daga Gwadangaji take dukan ƙirjina, kafin na wuce Ambursa leɓɓana sun tsage, na fara tunanin ko dattijon nan mahaifina ƙara wa labarinsa gishiri yake yi. Amma da rana ta ɗan ɗaga, hazo ya yi sauƙi, sai na fara ganin abin da shekara da shekaru ina wuce shi a mota ban gani ba. Ban kasance ni kaɗai a hanyar ba. Ga manomin rani da jarkar fetur da tiyo a naɗe a kariya zai gangara fadama. Ga wani da buhun shanshera a gicciye, ya sauka yana turawa saboda nauyi. Ga masunci da homa da ƙaton gora a ɗaure a baya. Ga almajirai biyu a keke ɗaya, ga mai itace, ga mai kai nono kasuwa. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015 ake kiran jihar nan da sunan shinkafa, ana nuna dalar buhuna a talabijin. Ban taɓa jin wani ya ambaci abin da ke kai manomin gonarsa ta kan kunyar fadama, inda mota ba ta shiga, babur kuma ke neman man da ya fi ƙarfin aljihu. Ashe keke bai bar ƙasar Kabi ba. Mu 'yan boko ne muka sauka, muka kuma daina ganin waɗanda ba su sauka ba.

Sai dai hanyar ba ta san da zamansu ba. Inda kwalta ta ƙare nan rairayi ya fara, kuma siririyar taya ba ta tafiya a rairayi. Sau biyu babbar mota ta taho ta bayana da ƙaho, ba ta rage gudu ba, ba ta kauce ba. A karo na biyu iskarta ta jefa ni gefe, na zube a kan ƙaya, gwiwar nan dai ta hagu ta sake shan kashi. Wani manomi da ke bayana ya sauka ya tashe ni, ya miƙe mini kan keken da ya juya ta hanyar matse ƙafar gaba tsakanin gwiwoyinsa, ya ce, "Sannu Alhaji. In ka ji su tahe, sauka kawai. Mu haka muka yi." A nan na tuna da Maduekwe da dariyar da na yi masa.

Ba na cikin masu cewa a kwaikwayi Turai a komai, kuma na san zafin watan Afrilu a garin nan ba ya barin mutum ya isa ofis a keke da rigarsa a bushe. Amma Wagadugu ba ta fi mu sanyi ba, ga ta cike da masu keke maza da mata, manyan titunanta da gefen da aka ware wa masu ƙafa biyu, kuma tun 1987 ƙasar Burkina Faso ke shirya gasar Tour du Faso da ake zuwa daga ƙasashe. Mu kuwa a gasar Olamfik ta Faris a 2024, sai da tawagar Jamus ta ara wa 'yar tserenmu Ese Ukpeseraye keke kafin ta shiga wani ɓangare na gasar. Abin da nake roƙon hukumomin jihar nan bai kai kuɗin gada ɗaya ba. Duk hanyar da za a gyara a bar mata kafaɗa mai kwalta, ko da faɗin kamu uku ne. A dawo wa ƙananan ma'aikata da malaman firamare da bashin keke irin wanda aka ba iyayenmu. A yi rumfar ajiye kekuna mai mai gadi a makarantu da sakatariya, domin tsoron ɓarawo na hana da yawa. Cibiyoyin koyar da sana'a kuma su nemi irin dattijon nan tun yana da sauran gani, su biya shi ya koyar. Masu shirya bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, me zai hana su ware tsere na musamman ga masu baƙin keke mai birkin sanda, manomi da masunci, da kyauta mai tsoka? Wanda ya saba tura buhun shanshera a rairayi, in aka sauke masa kaya aka ba shi kwalta, ina jin za a sha kallo.

Ana kiran Azahar na shiga Argungu, bayan faci ɗaya da hutu huɗu. Na wuce ta gaban gidan tarihi na Kanta ban iya tsayawa ba, saboda na san in na sauka ƙafafuna ba za su yarda in sake hawa ba. Sai da na kai bakin Matan Fada na jingine keken, na zauna a ƙasa ina haki. Ruwan ya ja baya, babu kowa sai wasu yara masu wanka da jirage biyu a ɗaure. Can tsallake, a cikin ciyawa, ga zalɓe guda a tsaye a kan ƙafa ɗaya.

Dawowa dai a mota na yi, kada in yi wa mai karatu ƙarya. Direban ya caje ni kuɗin mutum biyu, ya ɗaure keken a but da igiya, ƙafar gaba a waje tana ta juyawa har Birnin Kebbi. Kwana uku ban iya sallah a tsaye ba. A rana ta huɗu ɗan ƙanen nan nawa ya yi sallama, ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce kuɗin kabu-kabun zuwa makaranta ya gagare shi, ko zan ara masa keken Kaka na mako ɗaya. Na ba shi makulli da sharaɗin duk Juma'a zai goge shi, duk wata kuma zai kai wa dattijon nan ya duba, ya zauna ya kalli yadda ake yi. Har yau da nake wannan rubutu makon nan bai ƙare ba.